Kotu a sama, kurkuku a ƙasa: gidan tarihin Jakarta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina Kota Tua, wato tsohon garin Jakarta a ƙasar Indunusiya. Farin ginin nan mai korayen tagogi da kuke hange a bayana shi ne gidan tarihin birnin, mutanen gari sun fi kiransa Fatahillah. Ku yi haƙuri da hayaniya, filin cike yake da 'yan makaranta da masu hayar kekuna.

Turawan Holan ne suka gina shi, aka fara a 1707, aka buɗe a 1710. A lokacin sunan garin Batavia, kuma kamfanin fatauci ne ke mulki, VOC, wanda ya zo neman kanumfari da masoro, ya ƙare da sojoji da igwa. Tun 1619 gwamnansu Jan Pieterszoon Coen ya rushe garin Jayakarta ya kafa nasu a wurin. Nan ne ofishin hukumar gari, nan ne kotu, har aure a nan ake rubuta shi.

Mu hau sama. Kun ji ƙarar katakon bene? Ga manyan tebura da kujeru da kabad-kabad masu sassaƙa, aikin hannu mai kyau ƙwarai, babu mai musu. Amma ku zo bakin tagar nan ku leƙa ƙasa. Filin da yara ke tseren keke yanzu, a nan ake zartar da hukuncin kisa a bainar jama'a, manya suna kallo daga nan inda nake tsaye.

To, abin da ya kawo ni yana ƙarƙashin ginin. Bari in sunkuya, don babba ba ya iya miƙewa a ciki. Wannan shi ne kurkukun. Rufin a ƙasa-ƙasa, iska ba ta shiga sai ta 'yar taga mai ƙarafa, ƙasan kuma da danshi. Dunƙulen ƙarfen nan da kuke gani a zube, da sarƙa ake ɗaura su a ƙafar fursuna. Haka ake cusa mutane da yawa a ɗaki guda, cuta ta kashe wasu tun kafin a kai su gaban alƙali, alƙalin da ke zaune a saman kansu kan waɗancan kujeru masu sassaƙa. Wallahi zuciyata ta yi nauyi. Na kuma yaba wa mutanen ƙasar nan da suka bar wurin yadda yake. Da Gwamna Ali Sadikin ya mayar da ginin gidan tarihi a 1974, ba a toshe ɗakunan nan ba, kowane ɗan makaranta sai ya sunkuya ya gani da idonsa.

Sunan Fatahillah da filin ke amsawa ma da ma'ana aka zaɓe shi: shi ne jarumin Musulmi da ya karɓe tashar jiragen ruwan Sunda Kelapa a 1527, ya raɗa mata Jayakarta.

Akwai ɗaki guda da nake so mu tsaya a kansa. A ginin nan aka tsare Yarima Diponegoro, ɗan gidan sarautar Yogyakarta, mutum mai rawani da farar jabba, wanda ya yi shekara biyar yana yaƙi da Holan, daga 1825 zuwa 1830. Ba a fagen daga aka kama shi ba. Janar De Kock ne ya gayyace shi zaman sulhu a Magelang, ana gama azumi, ya zo da amana aka ci amanarsa. Ya yi kusan wata guda a nan, sannan aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Manado, daga baya Makassar, garuruwa biyu a tsibirin Sulawesi, inda ya rasu a 1855 bai sake taka tsibirin Jawa, ƙasar haihuwarsa, ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mai niyyar zuwa ya lura, ranar Litinin a rufe yake. Lokacin la'asar ya yi, zan nemi masallaci, sai mun haɗu a bidiyo na gaba a tashar Sunda Kelapa.