Tsallaka iyaka da fasfon Najeriya bayan zaman gudun hijira

(An rubuto daga faifan laccar da wani lauya ya gabatar a Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu na zo da su, in lokaci ya bari. An ce in yi magana kan mutumin da ya shigo ƙasar nan gudun hijira, ya zauna, ya samu takardar zama ɗan Najeriya, yau kuma ya tashi zai tsallaka Kamba ya shiga Gaya ta ƙasar Nijar, ko ya bi ta Tsamiya ya faɗa Segbana ta ƙasar Benin. Mu nan Kebbi da ƙasa biyu muka yi iyaka, don haka zancen gida ne.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman zama ɗan ƙasa sai ya yi shekara 15 a nan, a shaide shi da halin kirki, gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu jama'ar wurin sun karɓe shi, sannan ya yi rantsuwa. Shugaban ƙasa ke ba da takardar. Ranar da ta shiga hannunka, gudun hijirarka ya ƙare. Ba ni na faɗa ba, yarjejeniyar Jeniba ta 1951 ce ta ce wanda ya samu sabuwar ƙasa, take kuma ba shi kariya, ya fita daga sahun 'yan gudun hijira. Saboda haka tsohon katin nan da kake ta adanawa cikin leda, bar shi a akwati. Mutanenmu suna ganin yawan takardu shi ne kariya, sai mutum ya isa shinge ya zazzage su duka kan tebur. Jami'i ya ga fasfo na cewa ɗan Najeriya, kati na cewa ɗan gudun hijira. Kai da kanka ka ba shi abin tambaya.

Na biyu, kuma nan zan zauna, ku yi haƙuri da ni. Ku buɗe fasfo, shafin da hoto yake. Akwai layin da aka rubuta wurin haihuwa. Suna yana canzawa, ƙasa tana canzawa, wannan layin ba ya canzawa. Mai babbar riga a gaba, Baba, duba naka. Argungu? To kai ka tsira. (Dariya.) Amma wanda nasa ya ce Injamena, ko Gawo ta Mali, ko Bamenda, zai ga jandarma ya ɗora yatsa kan layin nan, ya ɗago kai ya dube shi, ya sake duban hoton, ya ajiye fasfon gefe ya ce na baya ya matso. Direba na danna oda a waje, fasinjoji na tsaki, ana cewa wa ya tsayar da mu.

Me za ka ce? Gaskiya, a taƙaice. An haife ni can, ni ɗan Najeriya ne, ga kwafin takardata. Kwafi na ce, kwafi. Asalin takardar ba ta hawa motar haya. Kuma kar ka ce an haife ka a Jega don ka ga Hausarka ta nuna. Ƙaryar da ka yi a baki, takarda na hannun mutumin tana ƙaryata ka, daga nan magana ta tashi daga tambaya ta koma tuhuma.

Kada ku ɗauka baƙi kaɗai wannan ke ci. Manya a nan za su tuna Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Barno, ɗan jam'iyyar GNPP. A 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauke shi ta kai shi ƙasar Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa ke nan fa. In an yi wa mai kujera haka, kai mai buhun albasa sai ka gyara takardunka.

Ina nake? Wurin haihuwa. Akwai bambanci tsakanin shiga ƙasar maƙwabta da shiga ƙasar da ka gudo daga cikinta, kuma nan ne na fi jin tsoro. Sashe na 28 bai tilasta maka ajiye ƙasar da ka samu ta haihuwa ba. Mutane na murna da wannan, a ce ai ina da biyu. To amma ita tsohuwar ƙasar, in dokarta ta ce har yanzu nata ne kai, da ka taka ƙasarta a matsayin ɗanta za ta riƙe ka. Akwai ƙa'ida tun yarjejeniyar Heg ta 1930: ƙasa ba ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne. Ma'ana, in an tsare ka can, ofishin jakadancin Najeriya zai iya zuwa ya roƙa, su kuma su ce wannan yaronmu ne. Kamar matar da ta yi sabon aure ne, tsohon miji na cewa shi bai rubuta saki ba. (Dariya.) Kuna dariya, amma abin da ya kore ka tun farko, ka tabbata ya mutu?

Kuma kowace ƙasa da dokarta. Kamaru, a dokarta ta 1968, wanda ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa tata. Nijar kuwa ta yarda da riƙe ƙasa biyu tun 2014. Ka san dokar inda ka fito kafin ka sayi tikiti. Ka san ta tun kana gida.

Na huɗu... na uku ne? To, na ukun. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza, da sharaɗin takardar tafiya mai aiki da katin rigakafi, wannan na allurar shawara. Benin na ciki har gobe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ɓangarorin biyu sun ce zirga-zirga ba biza za ta ci gaba. Sai dai kun ga rufe iyaka na Agustan 2019, kun ga na bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da ya kai har Maris na 2024. Ka tambaya kafin ka tashi. Ka bi ta ƙofa a buga maka hatimi. Hanyar daji da ɗan acaba, ɗan Dandi da kakansa ke kwance a Kamba in an kama shi mai unguwa zai zo ya karɓe shi. Kai wa zai zo?

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

(Tambaya: Ita 'yar Yawuri ce, mijinta har yanzu katin gudun hijira gare shi. 'Ya'yansu fa, in za ta kai su biki Gaya?)

Hajiya, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, na huɗun ya tafi ke nan. 'Ya'yanki 'yan Najeriya ne na haihuwa. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a nan, uwa ko uba ko ɗaya daga kakanni ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Uwa ma ta isa. Duk wanda ya ce miki sai ta wajen uba, al'ada yake karanta miki. Ki yi musu takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ki yi musu lambar NIN, ki nema musu fasfo da takardunki.

Maigidan ne dokar ba ta kyauta wa ba. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista, amma baƙon da ya auri 'yar Najeriya bai samu wannan ba, sai ya cika shekara 15 ɗin nan. Ni dai ban ga adalci a ciki ba. Kafin nan, in zai raka ku, ya je hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa ya nemi takardar tafiya irin tasu, kuma ya tambaya ko Nijar za ta nemi biza a kanta, don ba fasfon ECOWAS ba ce. Kada kuma wani ya ba shi shawarar ya je ofishin jakadancin ƙasarsu ya karɓo fasfo don sauƙi, yin haka na iya soke masa matsayin gudun hijirar gaba ɗaya.

An ɗago mini agogo, ga kuma kiran la'asar. Hajiya, ki same ni bayan salla da takardun yaran.