Yadda ake haɗa tiraifil na cakulan da ceri don Kirsimeti

Ku dubi wannan kwanon gilashi da kyau, daga ƙasa zuwa sama. Baƙin da ke can ƙasa kek ne na cakulan. Jan da ke kansa ceri ne, wato wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu ƙwallo a ciki. Sai kastad mai ruwan ƙasa, sai kuma a sake zagayowa, har a zo kan farin kirim da ya rufe komai. Wannan shi ne tiraifil, kayan zaƙin da Turawan Ingila suke ajiyewa a kan teburi ranar Kirsimeti da washegarinta, 26 ga Disamba. Yau da shi za mu yini, kuma tun kafin mu ɗora tukunya bari in faɗa muku abu ɗaya: wannan abin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Duk wanda ya yi masa gaggawa, tabbas zai tarar da kwaɓa a kwano maimakon hawa-hawa.

Tiraifil tsohon abinci ne. Sunan ya bayyana a littafin girkin Ingila tun ƙarni na 16, amma a lokacin kirim ne kawai da sukari da ɗan kayan ƙamshi. Sai a ƙarni na 18 ya soma kama da wanda muka sani, wato biskit ko kek da aka jiƙa a ƙasa, kastad a tsakiya, kirim a sama. Ma'anar kalmar a Turanci ma ita ce ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Amma kada sunan ya ruɗe ku, domin a 2022, da aka yi gasar kayan zaƙi ta bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 70 a kan mulki, tiraifil na lemon tsami ne ya zo na ɗaya. Shi kuwa wannan haɗin na cakulan da ceri aro ne daga Jamus, daga shahararren kek ɗin nan na yankin Baƙin Daji da ke kudu maso yammacin ƙasar. Can suna zuba masa wata barasa da ake yi da ceri, su kuma Turawan Ingila suna jiƙa kek ɗin tiraifil da tasu giyar. Ni ba na sa ko ɗigo. Ruwan cerin da ke cikin kwalba ya wadatar, kuma ta haka yaro da babba, Musulmi da Kirista, kowa zai iya miƙa kwanonsa.

To, ga kayan da ke gabana, na mutum 10 zuwa 12. Kwanon gilashi mai cin lita 3. Kek na cakulan giram 400. Babbar kwalbar ceri mai tsami, kimanin giram 700 har da ruwanta. Madara mililita 600, kwanduwar ƙwai 5, sukari giram 75, garin sitacin masara cokali 4 babba, 3 na kastad 1 na ceri. Baƙin cakulan giram 150, da ƙarin ɗan guntu na ado. Sai kirim mai kauri mililita 450.

A kan ceri zan ɗan tsaya. A Turai yana nuna ne a watan Yuni da Yuli, saboda haka a Disamba ba za ku ga na gida ɗanye ba, sai wanda aka kawo daga ƙasashe irin su Chile, kuma da tsada. Shi ya sa na kwalba ko na gwangwani ne abin Kirsimeti a Ingila. A Ostireliya kuwa, da yake Kirsimeti a tsakiyar zafi take zo musu, da ɗanyensa suke yi. Abin da nake roƙonku shi ne ku nemi mai tsami, mai duhun ja, wanda aka cire wa ƙwallo. Jan cerin nan mai ƙyalli da ake dasa wa kek a ka don ado, ku bar shi a kanti. Sukari ne zalla. Kek yana da zaƙi, kastad yana da zaƙi, kirim yana da maiƙo. In babu tsami a tsakani, cokali uku za ku ci ya gundure ku.

Da cerin za mu fara, domin ya samu lokacin hucewa. Ku juye kwalbar a kan rariya, ruwan ya tsiyaye a kwano. Ku ɗebi kamar mililita 100 ku ajiye gefe, da shi za mu jiƙa kek. Sauran ruwan ya shiga ƙaramar tukunya. Ku dama cokali ɗaya na sitacin da ɗan ruwan sanyi, ku zuba, ku ɗora a wuta kuna juyawa. Da farko zai yi fari-fari kamar an zuba madara. Yana tafasowa sai ya washe, ya yi ƙyalli, ya kama bayan cokali. Nan ne za ku sauke, ku mayar da 'ya'yan cerin ciki, ku ware guda goma na ado. Amfanin wannan kaurin shi ne jan ruwan ba zai gangara ya ɓata farin kirim ba. Wasu gidajen suna sa jeli a wannan hawan. Ni na fi son ceri ya tsaya da kansa, kuma mai son jelin ya duba bayan kwali, domin da yawa daga cikinsu da sinadarin da ake samu daga alade ake daskarar da su.

Yanzu mun zo kan kastad, kuma a nan tiraifil yake yin kyau ko ya lalace. Mu a gida mun saba da kastad na gari, wanda ake damawa da tafasasshen ruwa a sha da ƙosai ko burodi kamar koko. Asalin wannan garin daga Ingila yake. Wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai, kuma har yau ana sayar da shi da sunan Bird's. In shi kuke da shi, ba laifi, ku dama shi da madara, ku yi shi da kauri fiye da na sha, ku narka cakulan a ciki. Amma in da hali, ku yi na ƙwai ko da sau ɗaya ne. Laushinsa a baki daban ne.

Ku ɗora madara a wuta har sai kun ga tururi na tashi, ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya. Kada ta tafasa. Kafin nan kun riga kun buga kwanduwa da sukari da sitaci a kwano, har launin ya koɗe ya zama ruwan ɗorawa mai haske. Ku kalli hannuna a nan. Ludayi ɗaya na madara mai zafi nake zubawa a kan ƙwan, siriri-siriri, ɗaya hannun yana ta burgawa. Sai na biyu. Ƙwai ba ya son a ba shi zafi farat ɗaya. In kuka juye masa madarar duka, zai dahu nan take ya yi gudaji. Da ya ɗumama sai ku mayar da komai cikin tukunya, wuta ƙasa-ƙasa, maburgi yana taɓa gindin tukunya da kusurwoyinta, domin a nan yake fara kamawa.

Minti uku, huɗu, za ku ga kamar ba abin da ke faruwa. Kada ku ƙara wuta. Can sai ku ji maburgin ya yi nauyi, sawunsa ya fara tsayawa a kan kastad ɗin. Da kun ga ya yi ɓul na farko, kada ku sauke. Ku ci gaba da juyawa na minti ɗaya cur. Dalili shi ne a cikin kwanduwa akwai wani sinadari mai narkar da sitaci, kuma zafin tafasa ne kawai yake kashe shi. In kuka sauke da wuri, kastad ɗin zai yi kyau a daren, gari na wayewa ku tarar ya tsinke ya zama ruwa. Kada kuma ku ji tsoron ƙwan zai guda, sitacin da ke ciki shi ke kare shi. Bayan minti ɗayan ku sauke, ku zuba cakulan da kuka daddatsa, ku bar shi ya ɗan zauna, sannan ku juya har ya haɗe ya yi sheƙi. Ku nemi cakulan da aka rubuta kashi 70 cikin 100 na koko a jikinsa. Ɗan ɗacinsa shi ke riƙe zaƙin. Ɗan gishiri kaɗan, na tsinken yatsa biyu, yana fito da ɗanɗanonsa.

Ku juye shi a faffaɗan kwano, ku shimfiɗa leda ta rufe abinci a kan fuskarsa, ta manne da shi, don kada ya yi yana. Sai ku bar shi ya huce sarai. Karon farko da na yi tiraifil, baƙi na hanya, na zuba kastad da sauran ɗuminsa na ɗora kirim a kai. Ina tsaye ina kallo kirim ɗin ya narke ya nutse, ja da fari da baƙi suka cakuɗe. Na ji zafin asarar nan sosai, kuma tun daga ranar nake fara aikin tun jajibiri. Ku taɓa ƙasan kwanon da bayan hannu. In kun ji ɗumi ko kaɗan, lokaci bai yi ba.

Kek kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Na kanti ya yi, na gida ya yi, wanda ya kwana biyu ya fi sabo, don ya fi shan ruwa ba tare da ya dagargaje ba. Ku yanka shi gunduwa-gunduwa kamar girman kan babban yatsa sau biyu.

Ga haɗawa. Rabin kek a ƙasan kwano, a jere, ba a danne ba. Ku yayyafa rabin ruwan cerin da muka ajiye da cokali. So ake ya jiƙu, ba ya yi iyo ba. In kun danna gunduwa ɗaya da yatsa, ta yi laushi amma ruwa bai fito ba, daidai ke nan. Sai rabin ceri. A nan ku fara jera 'ya'yan a jikin gilashin, zagaye, sannan ku cike tsakiya, domin abin da ke jikin gilashi shi ido zai gani. Kastad kuma akasin haka ne: ku zuba shi a tsakiya, ku tura shi a hankali da bayan cokali har ya taɓa gefe. In kuka zubo shi ta gefe zai shafe gilashin ya rufe jan. In ya ɗan shafa, ku goge da tsabtataccen ƙyalle kafin ku ci gaba. Ku sa a firij minti 20 ya kama jikinsa, sannan ku maimaita: kek, ruwan ceri, ceri, kastad. Ku bar sarari kamar faɗin yatsa uku a sama. Ku rufe, ku sa a firij aƙalla awa 4, in ya kwana ya fi. A cikin daren nan ne kek yake tsotse ruwan ceri, kastad ya tsaya daram.

Kirim sai ranar ci. A Ingila akwai mai kauri da maiƙonsa ya kai kashi 48 cikin 100, shi aka fi amfani da shi. In ba ku samu ba, ku duba kwali, kada maiƙon ya gaza kashi 30, in ba haka ba ba zai tashi ba komai bugu. Kirim ɗin ya fito daga firij da sanyinsa, kwanon bugun ma ya yi sanyi. Sukari cokali 2 ya isa. Ku buga har sai in kun ɗaga maburgi, kan kirim ɗin ya miƙe sannan ya ɗan sunkuya. Ku tsaya a nan. Mai kaurin nan yana saurin wucewa, bugu kaɗan a kai sai ya yi tsaki-tsaki ya kama hanyar zama man shanu. In kun ga ya fara, ku zuba cokali biyu na kirim da ba a buga ba, ku juya da hannu, zai dawo.

Ku ɗora shi cokali-cokali, tudu da kwari, ba sai kun shafe shi sumul ba. Ku kankare guntun cakulan da wuƙa a kai, ku dasa 'ya'yan cerin nan goma bayan kun tsane su da ƙyalle. Masu kallo daga inda ake zafi ko wuta ba ta tsayawa, ku kula: akwai ƙwai da madara da kirim a cikin nan, bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, kuma a cinye shi cikin kwana biyu. In ba ku amince da firij ɗinku ba, ku yi kaɗan a cikin kofunan gilashi, kowa da nasa, a ci a ranar.

Wajen zubawa, ku ɗauki cokali mafi tsawo da kuke da shi. Ku nutsa shi tsaye har ku ji ya taɓa gindin kwano, sannan ku ɗago a hankali. Ga shi nan: kek ya yi laushi ya koma ja-ja, ceri na zaune a wurinsa, kastad bai gudu ba, kirim na bisa. Ku miƙo kwano na gaba.