Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ranar Baje Kolin Ƙananan Gine-ginen Tashar Jirgin Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, dagatai da masu unguwanni, limamai, malamanmu da iyayenmu, a madadin matasa masu ƙere-ƙere na wannan gari muna yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

Allah ya ja zamaninka, abin da ke kan teburin nan tasha ce irin waɗanda ke kan layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa Ringim da Malam Madori da Birniwa. An ƙanƙanta ta sau 87, ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi a duniya. Kayan da aka yi ta da su kusan duk daga juji da madafa suka fito, don haka abin da muke so a lura da shi a nan shi ne awo. Motar kara kowane yaro ya iya, amma da ido ake yin ta. Wannan kuwa sai da rula. Ƙofa mai tsayin mita 2 tana dawowa milimita 23, mutum a tsaye bai cika santimita 2 ba. Tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, a teburi ya zama 12. Sabon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi 1,435 ne, shi kuma 16 da rabi. Da zarar ƙofa ɗaya ta wuce awo, ginin duka ya koma wasan yara.

Bangon ofishin tasha kwalin sabulu ne, falle biyu a manne, da tsinken tsire a kowace kusurwa ta ciki. Tagogi a fara yanke su tun kwalin yana kwance, da sabuwar reza, don dakusasshiya yage bakin take yi. Wajen fenti ne aka fi yin asara. In aka shafa fuska ɗaya kawai, kwalin zai sha ruwa ta gefe guda ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa. A shafa ciki da waje, a danne da littafi ya kwana. Farar ƙasa cokali biyu, gam ɗin kafinta cokali ɗaya da ɗan ruwa suna ba da launin tsohon bango fiye da fentin kanti.

Rufin kwano, ranka ya daɗe, shi ne abin da baƙi suka fi tambaya. Takardar alminiyam ce ta girki. Ana ɗora ta a kan guntun tib na keke, a mirgina bol a kanta, irin wanda sifana mai lamba 10 ke kwancewa. Zarensa milimita ɗaya ne tsakani, ya yi kusa da tudu da kwarin kwano na gaske in an ƙanƙanta. Kwali mai ramuka da wasu ke ɓare wa fata bai dace ba, ramukansa sun yi girma ainun. Tsatsa kuwa jar ƙasa ce aka niƙa aka goga da tsohon buroshin haƙori.

Tankin ruwa ƙaramin gwangwanin tumatir ne a kan ƙafafu huɗu na sillen kara. Abin da dogo ke kwance a kai tsinken ashana ne, a yanke milimita 24, a jera milimita 8 tsakani. Tsakuwar layi yashin rafi ne da aka wanke aka tankaɗe. Ana zuba shi a bushe, sannan a ɗiga masa gam rabi ruwa rabi da sirinji, da ɗigo ɗaya na ruwan sabulu. In babu sabulun, ruwan gam zai dunƙule a sama ya tafi da yashin.

Akwai gam uku da muke gargaɗi a kansu. Na masu gyaran takalmi yana narkar da farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin, wanda ake yin tudu da shi. Sufa gulu yana mayar da robar taga fari fat. Kullun rogo kuma yana kamawa sarai, sai dai gayyata ce ga gara da kyankyasai.

Koken da muke gabatarwa bai da yawa. Laimar damina tana sakin kwali, ƙurar hunturu tana cika rufin, saboda haka muna roƙon ɗaki ɗaya mai daɓen siminti, da akwatin gilashi, da rulan ƙarfe guda goma. Muna kuma roƙon a sa mana baki a ba mu izinin auna gine-ginen tashar Ringim da tef, don abin da aka auna ya fi wanda aka kwaikwaya daga hoto.

Ranka ya daɗe, bismillah, a matso kusa da teburi. A fara dubawa daga wajen tankin ruwa. Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.