Annoba da Sarauta: Daga Amwas zuwa Kaffa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamai, iyayenmu da ke zaune a gaba, da ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da yamma. An ba ni minti arba'in in yi bayani a kan tarihin duniya, na kuwa zaɓi in bi sawun cuta guda ɗaya, wadda Larabawa ke kira ɗa'un, domin ta shiga sha'anin addini, ta shiga fagen yaƙi, ta kuma sauya waɗanda ke kan gadon mulki. Abubuwa huɗu zan kawo: annobar Rumawa, annobar Amwas, babbar annobar shekarar 1347, sannan abin da likitoci suka gano daga baya.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. A shekarar 541 cutar ta ɓulla a gaɓar tekun Masar, a shekarar 542 ta isa Kustanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, a lokacin da Sarki Jastiniyan ke fafutikar maido da ƙasashen yamma da suka kuɓuce wa Rumawa. Alamarta ita ce zazzaɓi mai zafi da kaluluwa da ke fitowa a hamata ko a wuya ko a matse-matsi, mutum ya cika cikin 'yan kwanaki. Sarkin da kansa ya kamu, amma ya tashi. Cutar ba ta tafi ba. Ta riƙa dawowa lokaci bayan lokaci har kusan shekara 200, tana rage manoma da sojoji da masu biyan haraji a ƙasashen Rumawa da na Farisa.

Ɗaya daga cikin waɗannan dawowar ita ce ta biyu a lissafina, kuma ina roƙonku ku ba ni hankalinku a nan, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. A wajen shekara ta 18 bayan Hijira, wato 639, cutar ta auka wa rundunar Musulmi a Amwas, wani gari a ƙasar Falasɗinu. Malaman tarihi na Musulunci sun ambaci cewa kimanin mutum 25,000 suka rasu. Cikinsu akwai Abu Ubaida ɗan Jarrah, babban kwamandan Sham, da Mu'azu ɗan Jabal, da Shurahbilu ɗan Hasana, da Yazidu ɗan Abu Sufyan, Allah ya yarda da su. Ku duba sunayen nan da kyau. Mutanen da takubban Rumawa ba su iya kayarwa a yaƙin Yarmuk ba, kaluluwa ta ɗauke su a kan shimfiɗarsu.

Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya taso daga Madina zai je Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai kwamandoji suka tarye shi da labarin cewa annoba ta shiga ƙasar. To, me ya yi? Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai na farko ya shawarce su, suka saɓa: wasu suka ce ka fito don wani al'amari, bai kamata ka juya ba, wasu suka ce tare da kai akwai sauran Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kamata ka kai su cikin annoba ba. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa kamar yadda na farko suka saɓa. Sannan ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kuwa bakinsu ya zo ɗaya cewa a koma. Sau uku ya yi shawara, ɗalibai, sau uku, alhali shi ne Halifa kuma babu mai hana shi ya ba da umarni tun farko. Ina maimaita wannan ne domin masu riƙe da amanar jama'a da ke cikin wannan ɗaki su ji.

Da ya sanar cewa da safe za a juya, Abu Ubaida ya ce masa, shin gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya amsa cewa da ma wani ne ya faɗi haka ba kai ba, ya Abu Ubaida. Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ba shi misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kiwata, ai da ƙaddarar Allah ya kiwata. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya tafi wata buƙata, ya dawo ya ce yana da ilimi a kan wannan, ya ji Manzon Allah yana cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Umar ya gode wa Allah ya juya. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Abu Ubaida kuwa ya zauna tare da rundunarsa har ya rasu a cikinta, kuma ban taɓa jin zuciyata ta rage masa daraja ba saboda ya saɓa wa Umar. Ya ƙi barin mutanen da aka damƙa masa ne. Da jagoranci ya zo hannun Amru ɗan Asi, sai ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa.

Ga kuma inda siyasa ta shigo. Da Yazidu ɗan Abu Sufyan ya rasu, Umar ya naɗa ƙanensa Mu'awiya a kan Dimashƙa. Mu'awiya ya riƙe Sham kimanin shekara 20, ya kafu a cikinta, a shekarar 661 ya zama Halifa, daular Banu Umayya ta tsaya har shekarar 750. Annobar Amwas ce ta buɗe masa wannan ƙofa.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe. Na uku ke nan, ko kuma mu ce ragowar na biyu, domin muhawarar Sargu ba ta ƙare ba. A shekarar 1346 rundunar Janibek, sarkin Mongol na yamma, ta yi wa birnin Kaffa na fataken Jenowa ta Italiya ƙawanya a yankin Kirimiya, cutar ta shiga sansaninsa. Wani marubuci ɗan Italiya ya ce sun riƙa cilla gawawwaki cikin birnin, sai dai shi bai halarci wurin ba. Abin da ya tabbata shi ne jiragen ruwa sun kai cutar Masina ta Sisili a watan Oktoba na 1347, ta isa Iskandariyya a wannan shekarar, kuma kafin 1351 Turai ta rasa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanenta. Ibn Baɗɗuɗa ya tarar da ita a Dimashƙa a 1348, ya ga mutane sun yi azumin kwana uku, sannan Musulmi da Yahudawa da Kiristoci suka fito tare, kowa da littafinsa, suna roƙon Allah. Ibn Khaldun yana matashi a Tunis ta kashe mahaifansa biyu da malamansa da dama. A birnin Sitirasbug kuwa, wanda ke Faransa a yau, a watan Fabrairu na 1349, an ƙone Yahudawan garin bisa ƙazafin cewa sun zuba guba a rijiyoyi, duk da cewa Fafaroma Kilement na Shida ya fitar da takarda yana ƙaryata wannan ƙazafi, yana nuna cewa su ma cutar tana kashe su.

Malaman Musulunci sun sake rabuwa. Ibn Khaɗib, wazirin Garnaɗa a Andalus, ya rubuta cewa yaɗuwar cutar daga mutum zuwa mutum abu ne da ido ya gani, ta hanyar tufafi da ƙwarya da jirgin da ya zo daga garin da ke da annoba, kuma waɗanda suka keɓe kansu sun tsira. Ibn Hajar Askalani na Masar, wanda ita wannan cuta ta ɗauke masa 'ya'ya mata, bai yarda da hakan ba. Ni a ganina Ibn Khaɗib ya fi kusa da abin da Umar ya aikata. A Ingila 'yan ƙwadago suka yi ƙaranci, lada ya tashi, hukuma ta yi dokar 1351 don danne shi, talakawa suka yi bore a 1381. A Masar manoma suka ragu ƙwarai, magudanan ruwan Nilu suka lalace, daular Mamluk ta yi rauni. Birnin Ragusa, wato Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, shi ya fara dokar killace baƙi kwana 30 a shekarar 1377.

Akwai hannu a can baya. Bismillah, malama.

Tana tambaya ko cutar ta taɓa zuwa Afirka ta Yamma, kuma ko tana nan har yanzu. Madalla, kin kai ni ga na huɗu. A shekarar 1894 likita Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hon Kon, a 1898 kuma aka nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta kai wa mutum. Jiragen ruwa na wancan zamani sun kawo ta gaɓarmu: Akara a 1908, Dakar a 1914, Legas da Kumasi a 1924. Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da ita wajen rushe unguwanni da raba mazauni. A Dakar an ƙone gidajen 'yan ƙasa aka tura su unguwar Madina. A Kumasi an rushe tsohon Zango, inda Hausawa da sauran baƙi 'yan arewa ke zaune, aka gina musu sabo. Cutar tana nan har yau, malama, Madagaska ta yi fama da ita a 2017, tana kuma ɓulla a Kwango. Bambancin shi ne yanzu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna warkar da ita idan an fara sha da wuri, cikin kwana ɗaya ko biyu da fara zazzaɓin. Shugaban taro ya ce saura tambaya ɗaya. A miƙa wa malamin da ke kusa da ƙofa lasifika.