Neman kakan da ya yi soja: abin da takardun fansho da na gunduma ke faɗa a Amurka

Jama'a masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa. A cikin gidaje da yawa a Amurka akwai labarin da ake gada baki da baki, cewa wani kakan kakanni ya yi soja a Yaƙin Basasa, wanda aka gwabza tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle, daga 1861 zuwa 1865. Sau da yawa abin da ya rage a hannun zuri'ar bai wuce suna ɗaya da sunan wani gari ba. Yau za mu bi hanyar da ake bi a mayar da wannan ɗan labari ya zama tabbataccen tarihi, kuma za mu fi tsayawa kan baƙaƙen fata, domin su ne hanyar ta fi yi wa wuya, su ne kuma takardun fansho suka fi yi wa rana.

Dalilin wahalar shi ne bauta. Ƙidayar jama'a ta 1870 ita ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860, abin da ake rubutawa game da bawa shi ne shekarunsa da jinsinsa da launin fatarsa, a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Saboda haka mai bincike yakan bi zuri'arsa baya baya har 1870, daga nan sai sawu ya ɓace. Amma tun daga 1863 gwamnatin tarayya ta buɗe ofishi na musamman don ɗaukar baƙaƙen fata aikin soja, kuma kimanin mutum 179,000 suka shiga rundunar ƙasa. Kowane ɗayansu an rubuta sunansa.

Takardar farko da ake nema ita ce ta aikin soja, wadda ke ajiye a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke birnin Washington. Ambulan ce mai ɗauke da katuna, da akawuna suka kwafo daga rajistar kiran suna, tana nuna rundunar mutum da kamfaninsa (wato ƙaramin rukunin sojoji a cikin rundunar), da shekarunsa da tsawonsa da inda aka haife shi, da watannin da yake nan da waɗanda yake kwance a asibiti. Tana da amfani, amma ba ta cika yin maganar iyali ba. Babban abin da ake ɗauka daga cikinta shi ne lambar runduna da harafin kamfani, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa, kuma da waɗannan ne ake rarrabe su a katin neman fayil ɗin fansho.

Fayil ɗin fansho kuwa wani abu ne daban. Dokar 1862 ta ba da fansho ga sojan da ya nakasa a bakin aiki da kuma matar wanda ya mutu, sannan dokar 1890 ta faɗaɗa ƙofar, ta yadda duk wanda ya yi kwana 90 a soja, aka sallame shi cikin mutunci, kuma ba ya iya aikin ƙarfi, zai iya samun dala 6 zuwa 12 a wata. Sai dai gwamnati ba ta biyan kuɗi a kan maganar baki. Dole mutum ya kawo hujjar cewa shi ne wannan sojan, matarsa kuma ta tabbatar da aurensu, ta kawo ranar haihuwar kowane yaro. To, ina baiwar da doka ba ta taɓa amincewa da aurenta ba za ta samo takardar aure? Wannan ne ya sa majalisa, a 1864 da 1866, ta yarda a karɓi shaidar mutanen da suka san ma'auratan suna zaune tare a matsayin miji da mata.

A nan ne, a ganina, darajar fayil ɗin take. Rashin takarda ya tilasta wa talakawa kiran shaidu, shaidun kuma suka yi magana, aka rubuta. Idan aka warware fayil ɗin, takardunsa sun yi ja saboda tsufa, suna ɗauke da sawun ninki, za a ga ungozomar da ta karɓi haihuwa tana lissafa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, da abokin da suka taso a gona ɗaya yana faɗin sunan ubangidansu, da tsohuwar da ke tuna ranar da aka sayar da 'yar'uwarta zuwa wata jiha. A ƙasan shafin, maimakon sa hannu, alamar gicciye ce da mai shaidar ya zana, domin an hana yawancinsu koyon karatu. Takardar likita ma tana nan, da zanen jikin mutum gaba da baya, an yi alama a daidai inda harsashi ya shiga. A 1898, da kuma 1915, ofishin fansho ya aika wa tsofaffin sojoji tambayoyi kan sunan matarsu da ranar aurensu da sunayen 'ya'yansu, kuma amsar takan zo a shafi ɗaya, wani lokaci da rubutun hannun tsohon da kansa.

Fayil ɗin yakan kuma warware matsalar suna. Da yawa sun shiga soja da sunan ubangidansu, bayan 'yanci kuma suka ɗauki sunan mahaifinsu, don haka sai da suka yi wa jami'in bincike bayanin dalilin sunaye biyun. Da zarar an sami sunan ubangida da gundumar da ya zauna, sai a nufi kotun gunduma.

Amurka tana da gundumomi fiye da 3,000, kuma a kotunan yawancinsu ake ajiye wasiyya da takardun rabon gado da na cinikin fili da rajistar aure da ta haraji. Tun da doka ta ɗauki bawa a matsayin dukiya, sunansa yakan fito a lissafin kayan gado, tsakanin dawakai da kayan ɗaki, da farashinsa a gefe. Karanta irin wannan shafi yana da ciwo ƙwarai, amma sau da yawa shi ne kaɗai wurin da aka rubuta uwa tare da 'ya'yanta. A jihohin Virginia da North Carolina an buɗe rajista a 1866 don 'yantattun ma'aurata su rubuta aurensu, kuma wasu daga cikin littattafan suna nan har yau.

Akwai abubuwan lura. Iyakokin gundumomi sun sha canzawa, don haka takardar tana gundumar da ke mulkin wurin a wancan lokaci. Kotuna da dama sun ƙone, wasu gundumomin Virginia ma sun kai takardunsu Richmond, babban birnin jihar, don tsaro, gobarar Afrilu 1865 ta cinye su a can. Sojojin Kudu kuma jihohinsu ne suka biya su fansho, don haka a ma'adanar jiha ake neman fayilolinsu. Sannan mai neman fansho yana da buƙata, shaidunsa kuma tsofaffi ne masu tuna abin da ya wuce shekara 30, saboda haka duk ranar da aka ambata sai an gwada ta da takardar gunduma kafin a riƙe ta.

Wannan bincike ya taɓa mu ta wata hanya. Muhammad Ali Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a ƙasar Borno. An kama shi bawa yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, ya zauna a Istanbul da Rasha, daga bisani ya isa Amurka. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, har ya kai muƙamin saje. Da ya wallafa tarihin rayuwarsa a birnin Memphis a 1873, yana zaune a Kudu tsakanin mutanen da ya yaƙa, bai ambaci aikin sojan ba ko da kalma ɗaya. Rajistar rundunar ce ta riƙe sunansa, kuma daga cikinta masu bincike suka tabbatar da shekarun da ya tsallake a littafinsa.