Na zo Maraɗi da jita, aka miƙo mini adda

Jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar kabu-kabu, bakin titi nake, abin ne ya cika mini ciki ba zan iya jira in koma ɗaki ba.

Kun san ni, a majami'armu ta ECWA a Kano in ba a gan ni gaba da jita ba, to ba ni da lafiya. Da zan tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa, ita na fara runguma kafin jakar kaya. Bayan sujada ran Lahadi wani dattijon ikkilisiya ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, mawaƙa muna da su. Gobe ka raka mu gona." Gona fa! Ni da rabona da fartanya tun firamare. Na ce, "To Baba," amma raina ya sosu.

Muka yi wajen Danja. Ashe ba shuka za a yi ba. Tsohon kututturen kalgo ko sabara za ka samu, wanda ya yi toho birjik, ka zaɓi 'yan rassan da suka fi ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Shi ke nan aikin. A nan aka ba ni labarin Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya. Bawan Allah ya yi ta dasa 'ya'yan itace a wannan yanki, rana da awaki suna gamawa da su. A 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar taya saboda yashi, ya yi addu'a, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawa ce. Itace ne, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, har aka ba shi lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018.

'Yan uwa, tsigar jikina ta tashi. Mutum yana roƙon Allah ya raya masa dashensa, amsa kuwa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Bulus ma Asiya ya nufa, Ruhu Mai Tsarki ya hana shi, aka karkata shi Makidoniya, ku duba Ayyukan Manzanni 16. Mu kuwa mun tsara wa Ubangiji inda zai bi da mu: benci kaza, waƙa kaza, taron farkawa a Disamba.

A gindin gawo muka sha fura, ta dala arba'in, wato sefa 200, ta ishe mu mu uku, kuma gaskiya furar nan ta fi ta Kano, kada ku gaya wa mamata. Samari biyu maƙwabtan gonar, Musulmi, suka zauna muka yi ta hira har azahar, ɗaya ya ce in sa mahaifiyarsa da ke kwance cikin addu'a. Wannan yaron har abada ba zai shigo ya ji kiɗana ba.

Amma fa a waƙa, a bar wa zumuntar matanmu kayansu. In suka ɗauki tulu da kacau-kacau, ba na biyunsu. Jiya na tuna su har na ji ƙwalla.

Kai da ke shirin zuwa hidima nan, ina gaya maka, kada ka shigo da girman kan nan namu na 'yan Najeriya, wai ka zo koyarwa. Dattijo ya ce bi ni, bi shi kawai. Kuma ka sayi malfa tun a kasuwa, jaka ɗaya, wato sefa dubu, na ba da, don ranar Maraɗi ba ta san baƙo ba. Ku dubi tafin hannuna, duk ya yi bororo. Jibi ma da asuba za mu koma, akwai sauran gonar wata gwauruwa da ba a taɓa ba.