Ƙafa Ɗaya Ta Kumbura, Aka Ce Jego Ne

Masu sauraro, a makon jiya na zauna zaman makoki a unguwarmu. Wata baiwar Allah ce ta rasu, kwana goma sha ɗaya da haihuwa. An yi suna lafiya, an watse lafiya. Ta miƙe za ta kewaya, ta dafe ƙirji, ta ce numfashinta ba ya kaiwa. Kafin a samo mai a-daidaita-sahu, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Abin da na ji a kan tabarmar makokin nan shi ya hana ni barci. Ƙanin mijin ya ce kwana huɗu kafin rasuwar ƙafarta ta hagu ta kumbura, sharaɓar ta yi tauri, in ka taɓa sai ka ji zafi rau. Aka ce jego ne. Aka ƙara ruwan zafi, aka samo wadda za ta riƙa matsa mata. Da ta faɗi kuwa, sai wani dattijo a gefena ya ce wannan jifa ne, a binciki kishiya.

Haba jama'a! Ƙafa ɗaya fa. Kumburin mai ciki da muka sani ƙafa biyu yake kamawa. Duk likitan da ka zayyana wa wannan labari, abin da zai fara kawowa shi ne jini ya daskare a babbar jijiyar da ke can cikin ƙafa. In gudan jinin ya ɓalle, sai ya bi jijiya ya ratsa zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Daga nan sai haki, bugun zuciya da sauri, ciwon ƙirji mai ƙaruwa in an ja numfashi, wani lokaci tari da jini. Matsar da aka yi da niyyar taimako tana iya zama ita ce ta ɓalle gudan. Makonni shida na farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari, wato daidai kwana arba'in ɗin da muke ajiye mai jego a ɗaki, a kwance, ga zafi, ga zufa.

Akwai masu ɗan ilimin boko da ke cewa ai wannan ciwon Turawa ne. Abin da suka ji rabinsa ne. Gaskiya ne a shekarar 1994 masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan sun gano wani lahani da ake gada, mai sa jini saurin daskarewa, kuma kusan mutum 5 cikin 100 na Turawa suna ɗauke da shi, alhali a cikinmu da wuya a same shi. To shi kaɗai ne gadon? Akwai gidajen da ake haihuwarsu da ƙarancin sinadaran da ke hana jini daskarewa, wannan kuwa bai san launin fata ba. Ga kuma namu na gida, sikila. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Nijeriya, kuma jinin mai sikila yana saurin daskarewa. Ko mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, da muke cewa lafiyarsa ƙalau, haɗarin toshewar huhunsa ya kusa ninka na wanda ba shi da ita.

Shi ya sa nake takaicin yadda muke binne tarihin gidajenmu tare da mamatanmu. Kawu ya faɗi yana da shekara arba'in, mun ce farat ɗaya. Gwaggo ta tafi a jego, mun ce kwana ya ƙare. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, balle ya gaya wa likita ranar awon ciki, ko ranar da za a ba 'yarsa ƙwayoyin tazarar haihuwa, waɗanda wasunsu ke ƙara wannan haɗari. Kwana na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ma'aikatan lafiya ma ba zan ƙyale su ba. A watan Satumbar 2017 Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka, ta haihu ta hanyar tiyata. Washegari numfashinta ya sarƙe. Da yake ta taɓa yin ciwon a 2011, ta gane shi, ta ce a yi mata hoton huhu a sa mata maganin tsinka jini. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Sai da ta nace aka yi hoton, aka ga gudajin jini a huhunta. In mace mai wannan suna da wannan kuɗi sai da ta yi ja-in-ja, yaya ke nan 'yar ƙauyen da ko ɗaga ido ba ta iya yi a gaban nas?

Minti nawa zai ci ungozoma ko nas ta ce wa mai jego kafin sallama: ki riƙa tashi kina tattaki, ki sha ruwa, in ƙafa ɗaya ta kumbura kada a matsa, ki dawo yau, ba gobe ba? Haka za a gaya wa wanda aka yi wa tiyata, da mai karaya da ke kwance wajen maɗori, da maniyyaci, da direban da ke zama daga Kano har Legas ƙafa a lanƙwashe. Magani yana nan. Allurar heparin da ƙwayar warfarin sun shekara fiye da sittin ana ceton rai da su.

Kwana huɗu matar nan ta yi tana nuna ƙafarta. Daga gidansu zuwa asibiti bai kai tafiyar minti ashirin ba.